KIWON KIFI DA NOMAN GANYE DA RUWA ƊAYA

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wata irin gona wadda babu ƙasa cikinta, ba a kai mata taki, ba a kuwa sa mata fartanya. Duk faɗinta bai wuce ɗan filin nan na bayan gida inda a kan shanya tufafi ba. A ƙasashe masu sanyi, kamar Ingila da arewacin Amurka da kudancin Ostareliya, akwai magidanta da dama da suka kafa irinta. Kayanta ba su da yawa: tanki guda na kifi, da komaye biyu ko uku cike da tsakuwa, da ɗan injin lantarki mai tura ruwa. Injin ya ɗebi ruwan da kifi ya ɓata ya kai shi cikin komaye, saiwoyin ganye su tsotse abin da ke ciki, sa'an nan ruwan ya gangaro ya komo wa kifi da tsabtarsa. Haka ya ke ta kewayawa dare da rana. Turawa suna kiran wannan dabara akwafonik, sunan da suka haɗa daga kalmarsu ta kiwon kifi da ta noma cikin ruwa.

Wanda ya ji wannan bayani sai ya ce ai abin da sauƙi, kifi ya ciyad da ganye, ganye ya wanke wa kifi ruwa. Amma da sauran magana. Tukunya ba ta zama bisa duwatsu biyu, sai da na uku. Wannan gona ma tana da na ukunta, wanda ido ba ya gani, kuma sau da yawa in aka ji sabon mai kiwo ya wayi gari kifinsa sun mutu cikin watan farko, to, mantawa ya yi da shi.

Kafin a zo kansa, sai a fara da kifin. Ana iya yin wannan gona da kifi iri-iri, amma wanda za a duba yau shi ne tirawut, domin yana cikin waɗanda mutanen ƙasashen sanyi suka fi so, kuma yana da wuyar sha'ani ƙwarai. Irinsa da aka fi kiwo yana da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a jiki da wani jan zane a gefe, shi ya sa Turawa ke ce masa tirawut mai bakan gizo. Asalinsa kogunan yammacin Amurka ta Arewa ne masu kwarara cikin Tekun Pasifik, da kuma yankin Kamcatka a gabashin Rasha. Cikin shekarun 1880 aka riƙa ɗaukar ƙwansa cikin jiragen ruwa zuwa Turai da Nuzilan, daga baya kuma Ostareliya. A Afirka ba ya zama sai a tuddai masu sanyi, kamar na Kenya da Lesoto da Afirka ta Kudu.

Tirawut ɗan ƙorama ne mai sanyi da gudu. Ya fi saurin girma in ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 12 da 18 a ma'aunin santigired. Digiri 15 kuwa shi ne 59 a ma'aunin Faranhait da a ke amfani da shi a Amurka. In ruwa ya wuce digiri 20 sai kifin ya fara ƙin abinci, in ya kai wajen 25 ya daɗe a haka, sai mutuwa. Babban dalilin wannan shi ne iska. Kifi ma numfashi ya ke yi, yana bukatar iskar oksijin kamar yadda mutum ya ke bukata, sai dai shi wadda ta narke cikin ruwa ya ke zuƙa, ta jan naman nan mai kama da matsefi da ke gefen kansa. To, ruwan sanyi ya fi ruwan ɗumi riƙe iska. Lita guda ta ruwa mai digiri 10 tana iya riƙe wajen miligiram 11 na oksijin, mai digiri 20 wajen 9, mai digiri 30 kuwa 7 da rabi kaɗai. Ga shi kuma da zarar ruwa ya ɗumama, jikin kifi ya kan ƙara saurin aiki, bukatarsa ta iska ta ƙaru. Watau a daidai lokacin da ya fi bukatarta, a nan ne ta ke raguwa. Tarwaɗa ba ruwanta, gama tana iya leƙowa ta haɗiyi iskar sarari. Tirawut ba shi da wannan baiwa, in oksijin ya kasa miligiram 6 cikin lita ya fara shan wuya ke nan.

Abu na biyu game da shi, mai cin nama ne. A kogi ƙwari da ƙananan kifaye ya ke ci, saboda haka abincin da a ke sayo masa ya kan ƙunshi kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na furotin, watau abinci mai gina tsoka. Jikinsa ya ɗauki abin da zai ɗauka, saura ya fita a matsayin amoniya, sinadarin nan mai kaifin wari da ke tashi daga turke in fitsarin dabbobi ya kwana. Mafi yawanta ba ta kashi ta ke fita ba, ta wurin numfashinsa ta ke fita. A kogi wannan ba kome ba ne, ruwa ya kan tafi da ita. A tanki kuwa ba inda za ta, sai ta taru, ita ko guba ce. Ko da miligiram 1 cikin lita ya isa ya sa mai kiwo ya tashi tsaye.

A nan ne dutsen murhu na uku ya ke shigowa. Akwai waɗansu ƙananan halittu da a ke kira bakteriya, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Ba dukansu ke kawo cuta ba. Waɗanda a ke magana a kansu yanzu su kan manne a jikin tsakuwa da bangon tanki da saiwoyi, kuma ƙungiya biyu ne. Ƙungiya ta fari tana cin amoniya ta mai da ita wani sinadari mai suna naitirait. Ta biyu tana cin naitirait ta mai da shi naitiret. Sai masu sauraro su kasa kunne da kyau, domin sunayen nan biyu sun yi kama kamar Hassan da Husaini, amma halinsu ya sha bamban. Naitirait mugun abu ne. In ya shiga jinin kifi sai ya hana shi ɗaukar oksijin, jinin ya koma ƙasa-ƙasa, kifi ya shaƙe alhali yana cikin ruwa mai wadatar iska. Naitiret kuwa ba ya cutar kifi sai ya yi yawa ainun, kuma shi ne abincin da ganye ya ke nema, irin wanda manomi ya ke saye cikin buhun takin zamani. Ashe ba kifi ne ke ciyad da ganye kai tsaye ba. Bakteriya ne ke karɓar guba daga wannan, su dafa ta, su miƙa wa wancan abinci.

Yadda aka gano haka yana da ban sha'awa. A 1877 waɗansu masana biyu na Faransa, Schloesing da Müntz, suka cika wani dogon bututu da yashi da farin dutse, suka riƙa tsiyaya ruwan ƙazantar gari a hankali ta cikinsa. Har wajen kwana 20 ruwan yana fita da amoniyarsa kamar yadda ya shiga. Sa'an nan sai ta fara ɓacewa, naitiret ya bayyana. Suka ce, da aikin sinadari ne kawai, ai da tun ranar farko ya faru, wannan jinkiri ya nuna akwai wani abu mai rai da ya ke hayayyafa tukuna. Don su tabbatar, suka busa wa bututun kulorofom, maganin da likitoci ke sa mutum barci da shi a da in za a yi masa fiɗa, sai aikin ya tsaya cik. A 1890 kuma Sergei Winogradsky, haifaffen birnin Kiyef, yana aiki a Zurik ta ƙasar Suwizalan, ya yi nasarar renon waɗannan bakteriya, ya nuna cewa aikin hawa biyu ne. Ƙungiya ta fari ita ce aka sani da Nitrosomonas, ta biyu Nitrobacter. Daga baya aka gane akwai wata mai suna Nitrospira wadda sau da yawa ita ce ta fi yin aikin hawa na biyu, a 2015 ma aka gano waɗansu daga cikinta suna iya yin hawa biyun su kaɗai.

Kwana 20 ɗin nan na masanan Faransa har yau suna nan, kowane mai kiwo sai ya bi ta kansu. Sabuwar tsakuwa ba ta da isassun bakteriya. Wanda ya haɗa kayansa yau, ya zuba kifi talatin gobe, ya kama ba su abinci, to, amoniya za ta taru ba mai cinta, in sun tsira daga gare ta kuma naitirait na jiransu a gaba. Abin da gwanaye su ke yi shi ne su kunna injin ba kifi, su riƙa ɗiga amoniya kaɗan cikin ruwa, suna aunawa kullum da kayan gwaji da a ke sayarwa a kantunan masu kiwon kifi. Da fari za a ga amoniya ta hau, ta sauka. Sa'an nan naitirait ya hau, shi ma ya sauka. Ranar da aka ga su biyun sun kusa ƙarewa, naitiret ya bayyana, ran nan gida ya yi kyaun karɓar baƙi. Wannan ya kan ci mako 3 zuwa 6. In an sami tsakuwa ɗan kwano guda daga wata tsohuwar gona mai lafiya aka zuba, ta kan rage jiran, kamar yadda a ke zuba ɗan tsohon nono cikin madara don ta yi saurin kamawa. A lura kuma da ruwan famfo, gama kulorin da a ke sa masa don kashe ƙwayoyin cuta ba ya bambanta mugu da nagari. Sai an kawad da shi kafin ruwan ya shiga tanki.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Tirawut sanyi ya ke so, bakteriyan nan kuwa ɗumi su ke so. Sun fi ƙwazo in ruwa ya haura digiri 17, in ya sauka ƙasa da 10 sai aikinsu ya yi rauni ƙwarai. Tumatir da tattasai da kokwamba su ma ba su son saiwarsu cikin ruwan sanyi. Saboda haka mai wannan gona kamar maigida ne mai baƙi uku a ɗaki ɗaya, wani yana so a buɗe taga, wani yana so a hura wuta. Ba zai gamsad da kowa sarai ba, sai dai ya nemi inda kowa zai iya haƙuri. Dabarun da a ke bi guda huɗu ne. A riƙe ruwa wajen digiri 15 zuwa 17. A rena bakteriya tun da sauran ɗumi, kafin sanyi ya shigo. A yawaita tsakuwa a rage kifi, domin in ma'aikata sun yi nawa sai a ƙara yawansu a rage musu kaya. A kuma shuka abin da ke son sanyi, kamar latas da kabeji da alayyafon Turawa da waken fis da na'ana'a, da wani ɗan'uwan lansir da ke tsirowa a ƙoramu masu sanyi, wanda shi da tirawut daman maƙwabta ne tun a daji.

Game da kayan aiki, tankin da aka fi amfani da shi na roba ne mai cin lita 1,000. A kan sa shi a inuwa, a rufe bakinsa da raga, gama tirawut gwanin tsalle ne. Zurfin komi ya kan kai santimita 30, watau ƙafa guda, tsakuwar kuwa daga girman gyaɗa zuwa na ƙaramin goro. Kafin a zuba ta, a ɗiga mata ruwan lemun tsami, in ta yi kumfa farin dutse ne, ba ta dace ba. Ba a barin komi cike da ruwa kullum. A kan shirya bututun fita yadda in ruwa ya cika sai ya zube gaba ɗaya, ya sake cika, ya sake zubewa. Duk sa'ad da ya zube sai sabuwar iska ta bi bayansa ta shiga tsakanin duwatsu, saiwoyi su sha, bakteriya su sha, domin su ma ba su aiki sai da oksijin. Injin ruwa ya kamata ya iya juya dukan ruwan tanki sau ɗaya cikin kowace sa'a, a kuma haɗa da wani ɗan inji mai hura iska cikin tankin.

To, kifi nawa za a zuba, ganye nawa za a shuka? Dokta James Rakocy da abokan aikinsa na Jami'ar Tsibiran Virgin, a yankin Karibiyan, sun shafe wajen shekara 30 tun daga 1980 suna binciken wannan da kifin karfasa. Abin da suka tabbatar shi ne, ba yawan kifi a ke dubawa ba, nauyin abincin da a ke zuba musu kullum a ke aunawa, gama daga abinci takin ya ke fitowa. A littafin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 2014 domin masu ƙaramar gona, an ba da shawarar giram 40 zuwa 50 na abinci kowace rana ga kowane murabba'in mita na kayan ganye, da kuma kilo 10 zuwa 20 na kifi cikin lita 1,000. Ga misali. A ce mutum yana da tirawut 30, kowanne ya kai giram 400. Nauyinsu duka kilo 12 ke nan. In yana ba su kashi 1 da rabi cikin 100 na nauyinsu a yini, giram 180 ke nan. A raba 180 da 45, sai a sami 4. Watau komayensa su kai murabba'in mita 4, misali guda biyu, kowanne tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1. In ganye ya kasa haka naitiret zai taru, in ya fi haka ganyen zai rame.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, a wannan gona kuwa maganar gaskiya ce a zahiri. Aikin bakteriya shi kansa yana sa ruwa tsami a hankali. Masana suna da ma'auni na tsami daga 0 zuwa 14, 7 ita ce tsakiya, ƙasa da ita tsami, sama da ita kaifi irin na kanwa. Ganye ya fi son ɗan tsami, bakteriya sun fi son ɗan kaifi, amoniya kuma ta fi dafi in kaifi ya yi yawa. Don haka a kan tsaya kusa da 7 ko ƙasa kaɗan. In ya sauka ainun, a kan rataya jakar dakakken ɓawon ƙwai ko na katantanwa cikin ruwa. Har wa yau, abincin kifi ba ya ƙunshe da dukan abin da shuka ke so. Abu uku su kan gaza: sinadarin ƙarfe, da kalsiyam, da fotasiyam. In sababbin ganye suka fito rawaya amma jijiyoyinsu kore, ƙarfe ne ya gaza, sai a ƙara irin wanda aka shirya don wannan aiki.

Mutanen kudancin Ostareliya, irin na birnin Perth, sun sami hanyar zama da zafin ƙasarsu. Sanyinsu yana zuwa ne daga Yuni zuwa Agusta. Su kan zuba 'ya'yan tirawut wajen Afrilu ko Mayu, su kama su wajen Oktoba ko Nuwamba kafin ruwa ya ɗumama, lokacin nan kifi ya isa cika faranti. Da bazara su mai da hankali ga kifin da ke jure ɗumi. A Ingila kuwa matsalar biyu ce. Da hunturu rana gajeruwa ce, ganye ba ya girma, kifi ba ya ci sosai. A Yuli da Agusta kuma, in tankin yana cikin rumfar gilashi, yini biyu na zafi sun isa su halaka kifin da aka yi wata da watanni ana reno.

Sauran abubuwan kiyayewa a taƙaice ke nan. In wutar lantarki ta ɗauke, tirawut masu yawa cikin tanki suna iya shanye iskarsu cikin 'yan sa'o'i, don haka a tanadi injin hura iska mai aiki da batir. Kada a zuba abinci fiye da abin da za su cinye cikin 'yan mintoci, gama saura ruɓewa ya ke yi. Kada a fesa wa ganye maganin ƙwari, domin ƙarshensa cikin tanki ne. Kada a sa bututun jan ƙarfe ko mai shafen tutiya, dukansu dafi ne ga kifi. A kuma bincika dokar gari kafin a sayo kifi, kada a sake shi cikin kogi, gama tirawut ya riga ya yi ɓarna ga kifayen asali a ƙasashe da dama da aka kai shi.

Masu sauraro da ke Kumasi ko Garwa ko Njamena ko Khartum ko Jidda, tirawut ba na bayan gidansu ba ne, ruwansu ya fi ƙarfinsa. Amma dabarar ba ta sanyi kaɗai ba ce. Karfasa, wadda da ita aka yi binciken Tsibiran Virgin, 'yar kogin Nilu ce da Tafkin Chadi da Kwara da Volta. Ita da tarwaɗa suna son ɗumi, bakteriya suna so, tumatir da alayyafo suna so, baƙin uku bakinsu ɗaya. Ruwan da a ke ƙarawa kuwa a yini ba ya kan wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na abin da ke ciki ba, wannan ko ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen ruwa.

Ko a ina mutum ya ke, sharaɗin ɗaya ne. Kifi ana ganinsa, ganye ana ganinsa, amma lafiyarsu duka tana hannun wanda ba a gani. Wanda ya ba bakteriya makonninsu kafin ya sayo kifi, ya riƙa auna ruwansa da ɗuminsa a kai a kai, shi zai ci kifi da latas daga bayan gidansa. Iyakar jawabin wannan mako ke nan.